Wai tsofaffin finafinai har yanzu suna kalluwa, ko ƙuruciyarmu muke tunawa?

Abba Ɗorayi: Slm jama'a, barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema. Babanmu ya yi ritaya watan jiya, yanzu kullum yana gida daga masallaci sai falo, rediyon ma ta ishe shi, shi ne Umma ta ce in nemo masa irin finafinan da yake kallo zamanin samartaka ko ya rage zaman shiru. To jiya na ce bari in fara gwadawa ni kaɗai kafin in kai masa, na je wajen masu turi aka zuba min Commando da Disco Dancer a filas, waɗanda muna yara muke mutuwar so, wlh ko ɗaya ban iya ƙarasawa ba. Commando mutum ɗaya ya tsaya a fili ba abin da ya kare shi, sojoji jingim suna ta harbinsa ko ƙwarzane, wurin da nake tsalle a kai da sai ga ni jiya ina ta dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Shi ne nake tambaya, wai finafinan da ɗin nan da gaske suna da kyau ne ko yarinta ce ta rufe mana ido? Kuma ku ba ni sunayen waɗanda za su kallu, tsoho da sabo duka.

Sadiq KD: Hhhhh yaya Abba Allah ya kawo ka hanya. Na daɗe ina faɗa a gidan nan ana cewa ba ni da kunya. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, shi ke nan magana.

Maman Ilham: Kai Sadiq ka bari manya su fara magana mana. Abba kai ma ka yi kuskuren zaɓe, wa ya ce maka Commando ake nufi in an ce tsohon fim? Wannan ai na yara ne tun a lokacin ma. Ka nemo wa Baba Mother India ka gani.

Kawu Fagge: Wa alaikumus salam. Abba ɗana, ka gaida mahaifinka, Allah ya sa ya huta lafiya. Ni sa'ansa ne ko na girme shi kaɗan don haka bari in gaya maka abin da ba za ka samu a filas ba. Mu ba fim kawai muka kalla ba, silima muka je. Plaza, Orion, Marhaba, El Dorado, duk na shiga. Mafi yawansu ba rufi, fili ne da katanga da ƙaton bango fari, sai duhu ya yi sosai a kunna, in damina ce hadari ya taso kowa yana kallon sama yana kallon bango. Mu marasa kuɗi can gaba a kan benci wuya ya ƙage. Akta ya bayyana wuri ya kaure da tafi da fito, bos ya fito a yi ta zaginsa kamar yana ji, in fim ya tsinke a yi ta yi wa mai majigi ihu har ya haɗa. Kuma duk a sace muke zuwa, don a lokacin ɗan gidan mutunci ba ya yarda a gan shi a ƙofar silima, iyayenmu ba su manta gobarar silimar El Duniya ta 1951 ba wadda ta ci mutum sama da 300, kullum da ita ake mana gargaɗi. To kai ka zauna kai kaɗai a ɗaki da waya a hannu saƙo yana shigowa kana dubawa, ka ce za ka ji abin da muka ji? Ai rabin daɗin mutanen da ke gefenka ne.

Sadiq KD: To Kawu da girmamawa ai ka goyi bayana ke nan ba ka sani ba. Ka ce rabin daɗin jama'a ne, wato fim ɗin shi kaɗai ba zai iya tsayawa ba.

Kawu Fagge: Rabi na ce yaro, ban ce duka ba. Akwai waɗanda ɗaya rabin nasu ya fi cikakken naku na yanzu. Ka kalli Sholay?

Sadiq KD: Na fara, awa uku da wani abu ne fa Kawu, na kai wajen barkwancin gidan yari ɗin nan na kashe.

Kawu Fagge: Inna lillahi. Ka kashe kafin Gabbar, bos ɗin fim ɗin, ya fito ke nan. To ba ka kalli komai ba. Fim ɗin 1975 ne, Amitabh da Dharmendra, mu Sarkin Ƙarfi muke ce wa Dharmendra, amma wanda ya cinye fim ɗin Amjad Khan ne, bos ɗin. Ba ya ihu ba ya zare ido irin na bosawan yanzu, tafiya yake a hankali a kan duwatsu yana jan bel ɗinsa a ƙasa yana tambayar yaransa cikin sanyin murya, yana dariya su ma suna dariyar dole, kai da kake kallo cikinka ya ɗuri ruwa don ka san wani zai mutu. Shekara biyar ana nuna shi a silima ɗaya a Bombai ba a sauke ba. Wanne naku ne ya yi wata biyar?

Zee Jos: Kawu Dilwale Dulhania Le Jayenge (DDLJ) na Shah Rukh tun 1995 ake nuna shi a wata silima a Mumbai, ya ninka Sholay sau nawa hhh

Kawu Fagge: 'Yata ai shi ma ya shiga layin tsofaffi yanzu, namu ne. Ki lissafa shekarunsa ki gani ko bai girme ki ba.

Zee Jos: Kai Kawu ka tona min asiri 😂

Malam Tudun Wada: Ina bin ku tun ɗazu. Ni a ganina tambayar Abba gida biyu ce kuka haɗe ta. Akwai fim ɗin da aka gina a kan abin mamaki, fashewar mota, harbi, tsalle daga bene, rawa da fitilu masu walƙiya. Irin wannan dole ya tsufa saboda kayan aikin bana sun fi na bara, abin da ya ba mutane mamaki a 1985 yau yaro zai haɗa shi a waya. Commando da Disco Dancer nan suka faɗa, ba laifin Abba ba ne. Sai kuma fim ɗin da aka gina a kan halin ɗan Adam, bashi, kishi, zalunci, uwa da ɗa, wannan ba ruwansa da kyamara. Misali 12 Angry Men na Amurka, 1957, baƙi da fari ne, kusan duk fim ɗin a ɗaki ɗaya aka yi shi, mutum goma sha biyu aka kulle su yanke hukunci ko wani yaro ya kashe ubansa, sha ɗaya sun ce a yanke masa hukuncin kisa kawai kowa ya tafi harkarsa, mutum ɗaya ya ce a'a mu dai tsaya mu tattauna. Ba mace ba waƙa ba faɗa, zufa kawai da gardama, awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna. Na nuna wa ɗalibaina ina tsoron za su yi barci, aka tashi suna ta musu har waje, wani ya ce min Malam ai wannan zaman sulhun unguwarmu ne sak, akwai mai taurin kai akwai ɗan amshin Shata akwai wanda shi dai a gama ya tafi kallon ƙwallo. Indiyawa ma sun sake yin sa da harshensu a 1986.

Sadiq KD: Baƙi da fari kuma Malam? Ido na ba zai ɗauka ba gaskiya

Malam Tudun Wada: Minti goma na farko ne kawai, daga nan ba za ka ƙara tunawa da launi ba. Ka gwada, in ka yi barci ni zan biya maka kuɗin data.

Maman Ilham: Yawwa Malam ka faɗi abin da na kasa faɗa. Shi ya sa na ce Mother India. Shi ma 1957 ne. Mu mata ba mu je silima ba Kawu, wa zai bar ki, mu a talabijin muka gani sai kuma da bidiyo ya zo, gidan maƙwabta ake taruwa tsakar gida a shimfiɗa tabarma, kuma wlh ba mai jin Indiyanci a cikinmu, ba rubutun ƙasa ba fassara, amma kakata tana kuka tana cewa Allah ya isa tsakaninta da mai ba da bashin nan. Don ta san shi. Kowane ƙauye akwai irinsa, ka ci bashin hatsi da bazara ya zo da kaka ya kwashe rabin gonar, bashin kuma bai ƙare ba har 'ya'ya su gada. Matar ga shanu babu ga miji ya tafi, ita take jan garma da wuyanta. Na sake kallonsa bara da yarana, sun yi ta ƙorafin waƙoƙin sun yi yawa muna turawa gaba, amma da aka zo ƙarshe inda uwar ta ɗauki bindiga ta harbe ɗanta da hannunta saboda ya sato 'yar mutane, babbar 'yata ta kasa cin abincin dare.

Abba Ɗorayi: Haba Anti kin faɗa min ƙarshen 😭

Maman Ilham: Fim ɗin da ya girmi babanka ne za ka ce na ɓata maka? Bari ma in ƙara maka, Nargis da ta fito uwar da Sunil Dutt da ya fito ɗan, aure suka yi bayan fim ɗin, su ne iyayen Sanjay Dutt.

Kawu Fagge: Ɗan daba mai lasin! Haka muke kiransa. Rishi Kapoor kuma Mace, don ba ya iya faɗa.

Abu Hanifa: Ni dai ban cika shiga zancen fim ba amma tunda dattijo za a kai wa, Abba ka nemi The Message na 1976 da Lion of the Desert, wanda mutane suka fi sani da Umar Mukhtar. Mutum ɗaya ya yi su, Mustafa Akkad ɗan Siriya, Allah ya ji ƙansa, harin bam na otal a Amman ya rutsa da shi a 2005. Na farkon sau biyu aka ɗauke shi, na Larabci da na Turanci kowanne da 'yan wasansa, kuma ko sau ɗaya ba a nuna Manzon Allah SAW ba ko muryarsa. Na biyun tarihin malamin allo ne da ya yi shekara kusan ashirin yana yaƙar Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931. Dawakai na gaske, tankoki na gaske, dubban mutane na gaske a sahara, ba zanen kwamfuta ba. Za ka kalla da iyayenka ba ka riƙe rimot kana jiran wurin da za ka tura.

Zee Jos: Wannan magana ta rimot gaskiya ce wlh, na yanzu kana zaune da Baba sai kawai ka ga abu, ka rasa inda za ka sa kanka, ka tashi wai za ka sha ruwa

Sadiq KD: To naji duk na yarda akwai masu kyau. Amma ku ma ku yi adalci, kuna ɗauko guda biyar mafi kyau cikin dubbai kuna gwada su da duk tarkacen bana. Tarkacen da ina suke? Sun mutu an manta da su shi ya sa kuke ganin kamar da komai zinare ne. Kuma wa ya ce yanzu ba a labari? Drishyam fa? Mutumin da bai yi boko mai zurfi ba ya kare iyalinsa daga 'yan sanda da dabarar da ya koya a kallon fim, ba duka ba harbi. Dangal fa, uba da 'ya'yansa mata da kokawa. 3 Idiots. Parasite na Koriya da ya ci Oscar a 2020, karon farko da fim ɗin da ba na Turanci ba ya ci babbar kyautar, labarin talaka da mai kuɗi ne tsantsa, gidan talakawan a ƙarƙashin ƙasa ruwan sama ɗaya ya cika shi da ƙazanta, washegari matar mai kuɗin tana murna wai ruwan ya wanke gari. Duk wanda ya taɓa kwana kwashe ruwa a ɗaki a watan Agusta ya san wannan. Sai dai shi kam kar a kalla da Baba, akwai wurin rimot hhh

Malam Tudun Wada: Sadiq wannan karon ka yi magana. Maganar tarkace gaskiya ce, lokaci ne ya tankaɗe mana na da, na yanzu kuma ba a tankaɗe ba tukuna garin da dusar duk a haɗe suke. Zan ƙara maka da na Iran, Children of Heaven na 1997, yaro ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa suka koma karɓa-karɓa da nasa don kar iyayensu su sani ba kuɗin sayen wani. Takalmi ƙafa ɗaya jal aka gina fim a kai.

Kawu Fagge: Ni abin da ya hana ni na Indiyan yanzu, mutum ɗaya ya naushi ƙasa motoci goma su tashi sama. Abba yana dariyar Commando, to Baahubali da RRR fa? Ba gara Commando ba?

Sadiq KD: Kawu ai su ba su ce gaskiya ba ne, tatsuniya ce, kamar ka ce Gizo bai isa ya yi abin da yake yi ba

Kawu Fagge: To nan da shekara talatin ɗanka zai zauna ya yi musu dariya yadda Abba ya yi jiya, ka rubuta ka ajiye. Amma Jackie Chan da yake faɗa da jikinsa har ya ji ciwo da gaske, Drunken Master na 1978, ko jikanka ya gani sai ya riƙe baki. Mu da muka fito daga fim ɗin Bruce Lee kowa sai ya cire riga a hanya yana ihu, wani abokina ya kai wa katangar mutane sara da hannu, sati uku yana ɗaure wajen mai ɗori.

Zee Jos: 😂😂😂 Kawu ka faɗi gaskiya kai ne abokin

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa, ku yi mini hanƙuri in sa baki. Tun ɗazu Indiya da Amurka kukai ta yi, namu na gida fa? Mu nan Nijar munka fara fim tun da jimawa. Umaru Ganda, wanda anka sa ma gidan al'adu na Yamai sunanshi, tsohon soja ne da Faransa ta kai yaƙin Indocin, ya dawo ya yi fim kan sojan da ya dawo gida da kuɗi abokai da mata sunka cinye sunka watse, Cabascabo. Kuma shi ne mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972 da fim ɗinshi kan wani alhaji da auren dole. Sannan akwai Sarraounia na 1986, na Med Hondo ɗan Muritaniya, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya ma sojan Faransa na Voulet da Chanoine a 1899, daga littafin Abdullahi Mamani. A Burkina anka ɗauke shi, ya ci FESPACO 1987. Wanga tarihinmu ne na Hausa amma ka tambayi yaro a Maraɗi ko Kano, ya san Shah Rukh da sunan matarshi da ɗiyanshi, bai taɓa jin wanga ba.

Malam Tudun Wada: Allah ya saka da alheri ɗan uwa, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mu ma muna da Shaihu Umar na 1976, Adamu Halilu ya ba da umarni, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa da da yawanmu muka karanta a makaranta. Da Hausa aka yi shi, fim na silima sosai ba bidiyo ba, labarin bauta da uwar da ta ratsa sahara neman ɗanta. Shekaru da yawa an ɗauka ya ɓace, sai da aka gano faifansa a ma'ajiya aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ku duba fa, Bajamushe ya zauna a kujera ya kalli Shaihu Umar tas, mu masu harshen da yawanmu ko hotonsa ba mu taɓa gani ba.

Maman Ilham: Allah sarki. Ni ko Sangaya nake nema mai kyau na rasa, wanda na samu a intanet hoton duk ya dushe kamar an jiƙa shi, murya tana gaba baki yana baya. 1999 fa, ba wani zamanin Annabi Nuhu ba. Ali Nuhu yana ɗan saurayi da Fati Muhammad, lokacin ba gidan bikin da ba a sa waƙar ba, har atamfa da ɗinki sai an ce irin na fim kaza.

Sadiq KD: Anti kar ki sa in yi magana a kan tsofaffin finafinan Hausa a kore ni daga gidan nan

Admin: Yi maganarka amma ban da zagin kowa, ka san doka.

Sadiq KD: To shi ke nan. Mota za ta fito daga gida sai an nuna maigadi ya tashi ya buɗe ƙofa ta fita ya rufe ya koma ya zauna, sannan a bi ta a titi minti uku ana kiɗan fiyano. Ana maganar mutuwa zakara yana cara a bayan gida, ko janareton maƙwabta. Saurayi da budurwa suna falo sai kawai ka gan su a gaban fulawoyi sun canza kaya sau huɗu. Kuma rabi wankiya ne daga Indiya, har mutum ya san wane fim aka wanke. Yanzu ko ka dubi Labarina ko Kwana Casa'in, hoto tas, sauti tas, ko Mai Martaba da Najeriya ta tura gasar Oscar, ko The Milkmaid. Ta ina za a haɗa?

Maman Ilham: Ta wajen Hausar. Ka saurari yadda iyaye suke magana a finafinan da, karin magana, kunya, surukai, yadda ake shiga gida a yi sallama a tsuguna. Kuma labari yana ƙarewa! Kaset ɗaya ko biyu an gama kowa ya kama gabansa. Yanzu mai dogon zango sai ka yi shekara biyu kana bi, mutum zai sha shayi a yi rabin fitowar sati a kai, ka ce min motar da maigadi ta fi wannan? Ai gara maigadin minti uku ne.

Zee Jos: Anti ta gama da kai Sadiq, ka zauna

Malam Tudun Wada: Maganar wankiya kuma a yi mata adalci. Sholay ɗin da Kawu yake yabo shi ma daga finafinan kaboyi ya ɗebo, su kuma kaboyin wasu daga Japan suka ɗebo, Seven Samurai na 1954 shi Amurkawa suka mayar The Magnificent Seven a 1960, ƙauye ya ɗauko hayar mayaƙa su kare shi daga 'yan fashi, gindin labarin ɗaya ne. Aro ba laifi ba ne in ka rina shi ya zama naka. Ai ko masu bandiri a Kano, Ushaƙu Indiya, karin waƙoƙin Indiya suka ɗauka suka mayar yabon Annabi. Inda ake faɗuwa shi ne a kwafo har da abin da ba ya faruwa a gidan Bahaushe. Sannan ku tuna da me aka fara, Turmin Danya na 1990 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ne suka yi shi da kyamarar bidiyo, ba gwamnati ba banki. Daga nan har aka kai sunan Kannywood ya fito a mujallar Tauraruwa ƙarshen shekarun 1990, kafin ma a ji kalmar Nollywood.

Kawu Fagge: Kafin su duka akwai Samanja da Ƙarƙuzu da Ƙasimu Yero a talabijin. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Samanja ya juya Hausar barikin soja kawai ya ishe ka dariyar sati. Ina za ka samu cikakkunsu yau? Sai guntu-guntu da wani ya ɗauka a waya.

Abu Hanifa: Har Ibro Allah ya gafarta masa, tun rasuwarsa a 2014 an yi masu barkwanci da yawa amma yara har yau guntayensa suke turawa juna. Ni da ba na kallo ma na san wannan.

Sadiq KD: Ibro kam na sallama, shi ko hoton ya dushe dariyar tana nan. Amma shi ma finafinan camama nawa ya yi da ba wanda zai iya tuna sunansu

Malam Tudun Wada: Shi ne ai matsalar gardamar tamu in an zo kan na gida. Na Indiya da na Amurka za mu iya ɗaukowa mu kalla mu yi hukunci don masu su sun adana, Sholay ma an sake wanke shi fes da ya cika shekara 50, har da asalin ƙarshensa da hukumar tace finafinai ta Indiya ta sa aka canza a 1975, don a na farkon Thakur, mutumin da Gabbar ya sare wa hannaye, shi ne ya kashe Gabbar, hukuma ta ce a'a sai dai 'yan sanda su zo su kama shi. Namu kuwa a kaset aka sayar, kaset kuma ba ya son zafi ba ya son laima ba ya son ƙura, mu kuma ukun nan muke da su. Da CD ya zo aka watsar da kaset, da turi ya zo aka watsar da CD. Sadiq yana cewa ba kyau Anti tana cewa da kyau, dukkanku da abin da kuka tuna kuke musu, fim ɗin kansa ba ya hannun kowa.

Kawu Fagge: Kai Malam, ashe Thakur ne ya kashe shi? Shekara nawa ina jin haushin zuwan 'yan sandan nan, mutum an sare masa hannu biyu an kashe masa iyali a ce ya bar wa hukuma. Don Allah wanda ya samu wannan ya turo min.

Maman Ilham: Ni kam akwai wani buhun kaset a ɗakin ajiyar Hajiyarmu, tun aurena yake nan, na tabbata akwai Sangaya da Wasila da Ki Yarda Da Ni a ciki in gara ba ta cinye ba. Amma ina bidiyon da za a saka?

Ɗan Maraɗi: Hajiya kar ki zubar don Allah. Masu gyaran tele na tsohuwar kasuwa wani lokaci suna da shi a ƙarƙashin tebur, kuma akwai 'yar na'ura da ake haɗawa da kwamfuta a juye. Sai dai in kaset ya yi fumfuna kar a saka shi haka nan, yana kashe kan bidiyon.

Abba Ɗorayi: Jama'a na gode ƙwarai, na rubuta duka, Mother India, Sholay, Umar Mukhtar, The Message, na mutum goma sha biyun nan na Malam, da Drishyam saboda Sadiq kar ya yi fushi. Zan dawo da labari.

Abba Ɗorayi: Slm, na dawo kamar yadda na yi alkawari. Daren jiya bayan isha'i na saka wa Baba Sholay, na kashe fitilar falo na kife wayata saboda maganar Kawu. Da farko ya ce shi ya girma da wannan shirmen, yana jan carbi yana kallo da gefen ido, can sai na ji yana faɗin maganar Gabbar da Indiyanci kafin Gabbar ya faɗa, wlh tunda nake ban taɓa sanin Baba ya iya ko kalma ɗaya ba. Umma ta leƙo ta ce au dama silimar da kake rantse min ba ka taɓa zuwa ba ke nan, ya ce a Orion ya gani sau huɗu kuma duk kafin ya san ta ne. Ana saura kamar minti arba'in aka ɗauke wuta, ya ce in je in tayar da janareto, mutumin da kullum yake faɗan kuɗin fetur. Ni dai gaskiya wurin barkwancin gidan yarin har yanzu bai ba ni dariya ba, Sadiq ka yi gaskiya a nan, amma ban taɓa waya ba har aka gama.

Kawu Fagge: Orion sau huɗu? Tambaye shi wace shekara, kuma benci yake zama ko kujera, wataƙila ma mun taɓa rigima da shi a layin tikiti.

Abba Ɗorayi: Ya ce benci, kuma wai in kai ne mai sarar katangar nan ya gane ka 😂

Maman Ilham: Ni ma na je gidan Hajiya ɗazu an fito da buhun. Wasila ya yi fari fat da fumfuna, Ki Yarda Da Ni babu shi ko wa ya ara oho, amma Sangaya na ɗaya yana nan a kwalinsa kamar ba abin da ya same shi. Wa yake da bidiyo mai aiki a cikin Kano?

Sadiq KD: Anti akwai wani a gidan kakarmu a nan Kaduna an ɗora tukunyar fulawa a kai, bari in tambaya ko yana tashi. Malam kuma na kalli baƙi da farin naka, ka riƙe kuɗin datarka.